Tukunyar Gas a Cikin Buhu

Ina da wani ɗan hali da ban taɓa faɗa wa fasto ba: ina jin kunyar a gan ni da kaya a hannu. Ba nauyin nake gudu ba, idon mutane ne. Shekara ashirin da shida ina aikin gwamnati a sashen ajiyar fayil, har na kai matsayin da masinja ke karɓar mini jaka tun daga bakin ƙofa, kuma tun daga lokacin hannuna ya manta yadda ake riƙe leda. Saboda haka ranar Asabar ɗin da matata Hilda ta ce gas ya ƙare, ta nuna mini ƙaramar tukunyarmu, ba girki ne ya fara zuwa raina ba. Maƙwabtanmu na unguwar Demsawo a nan Jimeta ne, da yadda suke zama a ƙofar gida kamar an ɗauke su aikin kallo.

Na samo tsohon buhun shinkafa na zura tukunyar a ciki. Na nemi igiya ban samu ba, sai na ɗaure bakin buhun da wayar wutar wani dutsen guga da ya mutu tun bara.

"Baban Debbie, gawa za ka kai?" in ji Hilda. Tana zaune a falo, ƙafarta a kan matashi, ta kumbura kamar doya. Ranar Alhamis ta gurɗe a bakin kwata tana dawowa daga koyon waƙa a coci.

"Daga rana nake kare ta, kar ta yi zafi."

"Babu komai a cikinta da zai yi zafi. To kwat ɗin fa? Ana wannan zafin da ƙadangare ma ya nemi inuwa?"

"Zan iya haɗuwa da mutanen ofis."

Ta yi mini irin kallon da take yi wa ɗalibanta idan sun ce akuya ce ta cinye aikin gida. Sannan ta miƙo mini takarda. Gobe bayan sujada matan zumunta na coci za su zo duba ta, su goma sha biyu, kuma Hilda ba macen da za a shigo gidanta a fita da ruwan sanyi kaɗai ba ce. Busasshen kifi, gyaɗar kunu, tsamiya, tattasai, albasa.

"Kifin wurin Adda Raliya za ka saya, ka ce ni na aiko ka. Mai cika gas yana bayan kasuwa. Ka ratsa ta layin kifi, ka fita ta ƙofar baya. Minti talatin ka gama."

Na ce to. Na fita da sauri don kar ta karanta fuskata.

Abin da ban faɗa mata ba ya fara ne wata uku kafin nan, a wani kanti mai na'urar sanyi a unguwar Nassarawo. Ina tsaye ina duba sabulu biyu, wanne ya fi girma. Babu ƙara, babu wanda ya taɓa ni, wata waƙa ce ma mai sanyi take tashi daga rufi. Sai kawai zuciyata ta buga kamar an daki ƙofa da dare. Iska ta ƙi shiga ƙirjina. Na san, ba zato ba, sani na yi, cewa idan ban fita daga kantin nan yanzu ba mutuwa zan yi a tsakanin sabulu da man goge baki. Na bar kwandon a ƙasa na fita. Bayan minti goma ina zaune a gindin darbejiya lafiyata ƙalau, sai dai rigata ta jiƙe sharkaf.

Abin ya sake zuwa a kemis. Ya sake zuwa a wurin mai nama. Kullum sai ina sayen wani abu, mutane a gaba, mutane a baya.

Abin haushin shi ne lokacin da ya zaɓa. A shekarun da bama-bamai ke tashi a garin nan, lokacin da mutanen Mubi da Michika suka gudo har mutum goma sha huɗu suka kwana a falonmu, ni ne jarumin ofis. Ni ne mai ba da dariya a shingen sojoji, hannu a sama. Ni ne mai cewa wanda kwanansa bai ƙare ba ko a kan bom ya zauna shayi zai sha. Sai da aka kwashe buhunan yashi, aka daina shafa wa mutane sandar nan mai ƙara a ƙofar coci, gari ya kwanta shekara da shekaru, sannan tsoro ya iso wurina, kamar fayil ɗin da ya daɗe a kan teburin wani.

Na je wani asibiti a ɓoye. Suka auna jini, suka manna mini wayoyi a ƙirji. Likitan ya ce, "Oga, zuciyarka ta fi tawa lafiya. Firgici ne, kuma ana maganinsa." Ya rubuta mini takarda zuwa wurin likitan masu taɓin hankali. Na yi wa takardar abin da na fi ƙwarewa a kai: na ajiye ta inda ba za a sake ganinta ba.

Motata tana wurin bakanike, don haka keke mai ƙafa uku na hau. Ya sauke ni a ƙofar kasuwa wajen sha ɗaya, rana ta fara cin mutane.

Da farko komai ya tafi daidai. Na sayi albasa a bakin ƙofa inda ake ganin sama. Na sayi tsamiya. Har na fara yi wa kaina kirari a zuci. Na riƙe buhun a hannun dama, ledoji a hagu, na shiga layin da zai kai ni wurin masu kifi.

Layin nan ƙunci gare shi. Rumfuna sun haɗe kai a sama, an toshe sauran ramukan da tamfol, hasken da ke saukowa shuɗi ne kamar a cikin ruwa. Warin banda da manja da gumin mutane sun cakuɗe sun tsaya wuri ɗaya. Na yi nisa a ciki sai masu baro biyu suka yi karo a gabana, ɗaya da buhunan masara, ɗaya da jarkoki, kowa ya ƙi ja da baya. Layi ya tsaya cak. Na juya in koma, mata sun cika bayana da kwanduna a kai.

Na ji shi yana tasowa daga tafin ƙafata.

Na ce wa kaina, Zadok, kai dattijo ne a coci. Na fara karanta Zabura a zuci, aya ta biyu ta ɓace mini. Zuciyata ta fara dukan nan. Muryoyin kasuwa suka yi nisa, sannan suka dawo gaba ɗaya suka shige kunnena. Na ga bakin mai baro yana motsi ban ji me yake cewa ba. Kwanon rufi ya sauko. Na ja iska, ta tsaya a maƙogwaro. Na sake ja, babu. Yatsuna suka mutu. Wata mata ta jingina kwandonta a bayana, nauyinsa ya zama kamar ƙasar da ake turawa a kan kabari. Kowace fuska da na kalla sai in ga kamar ta san wani abu da zai faru nan da daƙiƙa ɗaya, ni kaɗai ba a faɗa wa ba.

Ban yanke shawarar gudu ba. Na dai tsinci kaina ina gudu. Na haye baron masara, na ture wani teburin tumatir, na bi wani lungu, na bi wani, har na faɗo fili kusa da tankin ruwa inda ake ganin rana. Na jingina da ƙarfen tankin. Na zaro waya in kira Hilda, ban san me zan ce mata ba, muryarta kawai nake so. Yatsana yana ta zamewa a kan lambar.

Buhun kuwa yana can inda na sake shi, a tsakiyar layi.

Daga baya aka ba ni labarin abin da ya faru a can. Mai baron jarkoki ya tura buhun da ƙafa don ya wuce, ya ji ƙarar ƙarfe. Ya duba ya ga wayar wuta ta leƙo daga bakin. Matar da ke bayana ta ce, "Wani mai kwat ne ya ajiye ya gudu." Ba ta ma ɗaga murya ba. A kasuwar da bom ya taɓa tashi, ba sai an ɗaga murya ba.

Ni abin da na ji daga inda nake, wani irin ruri ne, kamar ruwan Binuwai ya ɓalle. Sai mutane suka fara fitowa daga kowane lungu. Ba sa ihu sosai, wannan ne ya fi ba ni tsoro. Gudu kawai suke yi, baki a buɗe. Takalma a zube. Wata tsohuwa ta faɗi, aka tsallake ta, aka taka hannunta. Wata mai goyo ta riƙe kan jaririnta ta baya tana gudu a karkace. Abin da ke cikin ƙirjina minti biyu da suka wuce, ga shi ya fito ya shiga mutum dubu.

Sai wani ya tsaya ya nuna ni.

"Ga shi can. Ga mai kwat ɗin. Waya a hannunsa."

Na dubi kaina da idonsu. Mutum sanye da kwat a zafin Afrilu, gumi na zuba, ido ya fito, ya ajiye ƙarfe mai wayar wuta a cikin jama'a, ya gudo nesa, yana ta danna waya. Ko ni ne alƙali da na yanke hukunci.

Wani ɗan kasuwa Ibo mai sayar da robobi ne ya fara isowa. "Hold him hand, no let am press am," yake cewa, wato a riƙe hannuna kar in danna, ya murɗe mini hannu har wayar ta faɗi. Wani abu ya same ni a ƙeya. Na durƙusa. Ƙafafu suka kewaye ni, amma ba su matso sosai ba, suna duka suna ja da baya, saboda kwat ɗin. Ba su san me ke ƙarƙashinsa ba. Kwat ɗin da ya jawo mini, shi ne kuma ya hana su gama ni a minti na farko.

Na ji wani daga baya yana cewa a kawo taya. Wani ya ce akwai fetur a wurin mai janareta. Sun faɗe shi ne kamar masu shirin aikin gayya. Na buɗe baki in ce gas ne, tukunyar girki ce, babu komai a ciki. Harshena ya zama katako. Abin da ya fito wani sauti ne irin na rago.

"Ku ja baya."

Mai maganar dogo ne, siriri, da furfura a gemu da bindigar maharba a kafaɗa. Hamajoɗa, shugaban 'yan bangar kasuwa, kamar yadda na sani daga baya. Ya tsaya taku biyar daga inda nake, ya sauke bindigar ya saita ta a ƙirjina, ba da fushi ba.

"Baba, buɗe kwat ɗin da kanka. A hankali. In hannunka ya shiga aljihu, shi ke nan."

Maɓalli biyu ne a kwat ɗin. Na yi shekara bakwai ina ɓalle su ba tare da na duba ba. Ranar yatsuna suka kasa kama ko ɗaya. Ina jan maɓalli yana kuɓucewa, jini na sauka mini a wuya, filin ya yi tsit har ina jin ɗigar famfon tanki. Na ji ƙarar taya ana gangaro ta a ƙasa.

A cikin wannan shirun wata ƙaramar murya ta taso daga ƙasa.

"Baban Debbie? Baban Debbie, kana ji na? Ka samu kifin?"

Ashe kiran ya shiga. Hamajoɗa ya dubi wayar, ya dube ni. Ya jawo ta da ƙafa, ya ɗauka da hannun hagu, bindigar ba ta motsa ba. Ya buɗe muryar yadda kowa zai ji.

"Wa ke magana?"

"Ni ya kamata in tambaya, wayar mijina ce a hannunka," in ji Hilda, da muryar da take tsayar da aji. "Me ya same shi?"

"Mijinki ya ajiye buhu a kasuwa ya gudu. Mene ne a ciki?"

Ta ja numfashi ɗaya. Na san ta gane komai a cikin wannan numfashin, har da tayar da ba ta gani.

"Tukunyar gas ɗina ce, babu komai a ciki. Sunana yana jikinta da jan fenti. Malam, kar ka bari kowa ya taɓa shi. Ka aika a kira mini Adda Raliya mai kifi. Ta san ni."

Ba sai an aika ba. Adda Raliya tana tahowa da kanta, tsohuwa mai jiki, tana jan ƙafa, tana share hannu a zani. Ita kaɗai ce ba ta gudu ba a duk layin kifi. Ta karɓi wayar ta kara a kunne, ta gaishe ta da Fillanci, "Hilda, jam?" Ta saurara. Ta ce "To." Ta miƙa wa Hamajoɗa, ta juya ta koma cikin layin da kowa ya gudo daga ciki.

"Adda, kar ki taɓa, a jira 'yan sanda," in ji Hamajoɗa.

"Kafin su zo kun gasa mutum."

Muka jira. Ban taɓa sanin minti yana da tsawo haka ba. Sai ga ta ta fito tana jan buhun a ƙasa, mutane suna watsewa a gabanta. Ta kwance wayar wutar, ta zazzage. Tukunyar ta gangaro ta tsaya a gefen ƙafata, da sunan Hilda a jiki, harafin ƙarshe ya ɗan zuba. Adda Raliya ta murɗa kan. Ya yi ɗan huci kamar tsohon da ya gaji, ya yi shiru.

Na ɗauka an gama. Har na samu maɓallin farko ya ɓalle.

Amma mutane sun fara dawowa daga gudu, kuma wanda ya dawo daga gudu ya tarar ba komai, fushinsa ya fi na wanda bai gudu ba. Rumfuna a kife. Manja ya malale a ƙasa. Tsohuwar da aka taka tana zaune tana riƙe da hannunta. Wani ƙaƙƙarfan mutum ya ratso jama'a da katakon tebur a hannu, tumatir ya ɓata masa wando har gwiwa. Najmuddeen, mai teburin da na ture.

"To mun ga tukunya," ya ce. "Me ya sa ya gudu? Mai gaskiya yana ajiye kayansa ya gudu? Gwaji aka aiko shi ya yi, a ga yadda za mu yi. Gobe su kawo na gaske."

Aka yi guna-guni na yarda. Tayar tana nan a jingine da ƙafar wani.

Hamajoɗa ya ce, "Baba, ka ji tambaya. Me ka gani ka gudu?"

Muryata ta dawo, kuma da ta dawo sai ta faɗi gaskiya, wadda ita ce mafi munin amsa a wurin.

"Ban ga komai ba. Haka kawai yake zuwa mini."

"Haka kawai," in ji Najmuddeen. Ya gyara riƙon katakon. "Uwata ce can aka taka wa hannu. Haka kawai."

Da'irar ta matso. Yanzu sun san babu komai a ƙarƙashin kwat. Na ga Hamajoɗa ya dubi yawansu, ya dubi bindigarsa mai harbi ɗaya, na ga lissafin bai fita ba. Na rufe ido. Abin da na tuna shi ne ban faɗa wa Hilda inda takardun fansho suke ba.

"Najmuddeen, ajiye itacen nan."

Adda Raliya ce. Ta shigo tsakiyar da'irar ta tsaya a gabana, bayanta yana warin hayaƙin banda.

"Kai yaushe ka zo kasuwar nan? Ranar da wancan ya tashi kana ina? Wannan bawan Allah yana nan. A gefen rumfata ya faɗi. Ƙarfe ya shiga cinyarsa, da ɗankwalina na ɗaure, ni da shi muka kwanta a cikin jinin mutane har mota ya zo. Yau ya shiga layin nan, jikinsa ya tuna. Shi ne za ku ƙona?"

Na buɗe ido. Fuskokin suna nan, amma wani abu ya fita daga cikinsu.

Najmuddeen ya sauke katakon a hankali har ya taɓa ƙasa. "Yayana ranar ya tafi," ya ce, ba da ni yake ba. "Teburin nasa ne."

Hamajoɗa ya mayar da bindiga kafaɗa. Ya kama ni ta hammata ya zaunar da ni a kan wani benci, ya sa aka kawo ruwa, ya zuba mini a ƙeya da hannunsa.

"Da ka faɗa tun farko, Baba," ya ce a hankali. "Ni da ka gan ni, na shiga daji da maharba sau nawa. Amma har yau in taya ya fashe a titi, sai na tsinci kaina a ƙarƙashin tebur. Yara suna dariya. Mu da muka ga ranar, mun san juna."

Na gyaɗa kai.

Daga nan sai suka fara zuwa ɗaya bayan ɗaya, mutanen da minti biyar da suka wuce suke neman ashana. Mai robobi ya kawo mini takalmina ɗaya, ya ce shi tun ranar ba ya iya cin naman da aka gasa. Wata mai daddawa ta ce ita ba ta zama da bayanta a buɗe, sai ta jingina da bango. Mai baro ya ce shi warin roba mai ƙuna ne. Kowa ya kawo nasa ya ajiye a gabana kamar gaisuwar mutuwa, ni kuma ina karɓa ina gyaɗa kai. Na je na durƙusa gaban mahaifiyar Najmuddeen, hannunta ya kumbura, ana shirin kai ta wurin mai ɗori. Ita ce ta riga ni magana. "Sannu, ɗana. Allah ya yaye maka." Na ce zan ɗauki nauyin maganin da na tumatir. Najmuddeen ya ce in bar maganar, ai ciwo ɗaya ne.

Dukan da aka yi mini bai kai wannan zafi ba.

Hamajoɗa ya ce gara in tafi kafin 'yan sanda su iso, shi zai yi musu bayani. Ya aika aka cika tukunyar. Adda Raliya ta karɓi takardar Hilda daga aljihuna, ta duba ta a juye, ta ba wani ya karanta mata, ta haɗa komai har da gyaɗar. Da za ta miƙo mini ledar na so mu haɗa ido. Ta ƙi.

"Ka gaida Hilda," ta ce. "Ka ce kifin na Laraba ne, ya bushe da kyau."

Hamajoɗa ya raka ni har ƙofar baya, ya tsayar mini da keke. "Buhun ya zauna a nan," ya ce.

Na tarar da Hilda a tsaye a ƙofar falo da ƙafa ɗaya, ta dafa sandar goge daɓe, gyale a kafaɗa. Da alama ta yi niyyar zuwa kasuwar a haka. Ta dubi ƙeyata, ta dubi kwat ɗin, ɗinkin hannunsa na hagu ya rabu da kafaɗa. Ta zaunar da ni, ta sa na kawo ruwan zafi da gishiri da kaina tunda ita ba ta iya tafiya, ta fara wanke ciwon.

"Tun yaushe?" ta tambaya.

"Tun yaushe me?"

"Baban Debbie, wata uku ke nan in na aike ka sayen abu biyar ka dawo da biyu, ka ce sauran sun ƙare a gari. Sabulu ya ƙare a Jimeta?"

Na faɗa mata. Kanti, kemis, mai nama, likita, takarda. Tana ji tana danna auduga, wani lokacin fiye da yadda ciwon yake buƙata.

"Ina takardar?"

"Tana ofis. A cikin wani fayil."

"Ranar Litinin za ka nemo ta. Tare za mu je, ko a baro ne a tura ni." Ta matse audugar a kwano. "Adda Raliya ta kira ni bayan ka taho. Ta ce in faɗa maka shekararta sittin da biyar ba ta taɓa rantsuwa a kan ƙarya ba. Shi ya sa yau ma ba ta rantse ba, faɗa kawai ta yi."

Ta miƙe da kyar, ta ɗingisa zuwa kicin ta duba ko kifin ya kai yadda aka ce.

Wadda ta faɗi a gefen rumfar Adda Raliya ranar da bom ya tashi, wadda aka ɗaure wa cinya da ɗankwali, Hilda ce. Ni ranar ina Jos, a ɗakin taron wani otal, ana koya mana sabuwar hanyar jera fayil.